Irin gida ko irin zamani: wanne ƙaramin manomi zai riƙe?

Duk shekara da zarar bazara ta kama hadari ya fara haɗowa, gardamar nan sai ta taso a majalisa: a sayi irin zamani ne ko a shuka na gida da aka gada? Wasu gani suke duk wanda har yanzu yake shuka dawar kaura da geron zango kansa bai waye ba, wasu kuma da sun ji an ce ingantaccen iri sai su ce ai makirci ne kawai. Ni a ganina duka ɓangarorin biyu cutar ƙaramin manomi suke, domin amsar ba ɗaya bace, ta gero daban ta wake daban ta masara daban, kuma gonar jigawa da ta shekara goma bata ga taki ba ba za a yanke mata hukunci ɗaya da gonar bayan gari da ake jibga mata shara da kashin awaki ba.

Kafin a je ko'ina, irin da ake magana kala uku ne ba biyu ba. Akwai na gida wanda kake warewa daga amfaninka duk kaka. Akwai ingantacce wanda cibiyoyin bincike irin su IAR Samaru da ke Zariya, da cibiyar binciken Tafkin Chadi ta Maiduguri, da IITA da ICRISAT, da INRAN a Nijar suka tace suka fitar, wanda shima zaka iya ware iri daga cikinsa ka sake shukawa. Sai kuma haibirid, shi wannan in ka shuka bana to baɗi sai ka koma shago, in ka maimaita 'ya'yansa zaka ga gona ta fito wani dogo wani gajere kuma amfanin ya ragu. Mutane da yawa suna haɗa na biyu da na uku su kira su abu ɗaya, nan ne ruɗanin yake farawa.

Mu fara da gero tunda shine abincin mafi yawanmu daga Daura zuwa Maraɗi zuwa Damagaram. SOSAT, wanda aka amince da shi a Najeriya a 2000 ta hannun cibiyar Maiduguri, gaskiya iri ne mai kyau, wajen kwana 90 ya nuna, zangarniyarsa gajera ce amma a cike take dam da ƙwaya manya, yana jure cutar nan da ke sa kan gero ya koma ganye-ganye, kuma in ya samu ɗan taki yana bada tsaba sosai. Bayansa an fito da Super SOSAT, a Nijar kuma akwai HKP da aka daɗe ana shukawa, sai Chakti da aka fitar a 2018 mai sinadarin ƙarfe da yawa wanda ya fi su duka saurin nuna. Ga wanda ruwa ke ɗauke masa da wuri, ko wanda rumbunsa ya ƙare tun watan bakwai yana jiran abin da zai fara kaiwa baki, waɗannan rahama ne, babu mai musun haka.

Amma ga inda matsalar take. In kai kaɗai ka shuka mai saurin nuna a karkararku, to kai kaɗai zaka ciyar da tsuntsayen yankin gaba ɗaya, don gonarka ce kawai take da ƙwaya lokacin da na maƙwabta ko bununi bai gama ba. Sannan in ya nuna ana tsakiyar marka, shanya sai ta zama aiki, ka girbe ka kwantar ruwa ya bi ta kai. Shi kuma zango, duk wanda ya taɓa ɗaure daminsa ya san abin da nake nufi, zangarniya ce doguwa wata har ta wuce kamu biyu, dami ya ɗauru tsaf ya shiga rumbu ya kwanta shekara biyu uku ba abin da ya same shi, ga kara mai kauri na danni da jinka da makamashi. Mata ma zasu gaya maka furar wani geron ba ɗaya take da ta wani ba, kuma wannan ba ƙaramar magana bace tunda su ne masu daka. A Nijar kowane yanki da nasa, Ankutes ta wajen Tanut inda ruwa bai da yawa, Gergera ta wajen Ƙonni, zango a ƙasar Maraɗi, kowanne mutanen wurin ne suka yi ta zaɓensa shekara da shekaru har ya dace da ƙasarsu da ruwansu. Sai maiwa, wadda ita bata gaggawa, tana zaune a gona har ruwa ya ɗauke, shekarar da fari ya bugi gero yana tsakiyar fitar da kai sau da yawa ita ce ke tsira don lokacinta bai zo ba tukuna. To a gero shawarata a raba, wani yanki mai sauri don a kashe yunwar watan takwas, sauran kuma na gida don rumbu.

Dawa kuwa nan na fi karkata ga na gida, kuma ina da dalili. Kaura da farafara suna da wata baiwa da mutane basu cika lura da ita ba, basa ƙirga kwana daga ranar shuka, tsawon yini suke bi. Ka shuka farkon watan shida, maƙwabcinka ya makara sai ƙarshen wata, amma kusan tare zasu fitar da kai, daidai lokacin da ruwa ke shirin ɗaukewa a wannan yankin. Amfanin haka shine ƙwaya tana nuna a busasshen yanayi, bata yin baƙi bata yin fumfuna. Irin zamani masu gajeren zango kamar ICSV 400 su kwana suke ƙirgawa, a can arewa sosai inda damina gajera ce suna da amfani matuƙa, amma ka kai su ƙasar Zazzau ko kudancin Bauchi ka shuka da ruwan farko, zasu nuna ruwa na zuba, ƙwayar ta yi duhu dillali ya karya maka farashi. Kuma wannan baiwar ta na gida a wurinta take aiki, in ka ɗauko farafarar kudancin Kaduna ka kai Gumel ruwa zai ɗauke tana nan bata yi ciki ba, shi yasa irin gidan wani ba lallai ya zama naka ba.

Ba wai na ce babu dawar zamani mai kyau ba. SK5912 da aka daɗe ana shukawa ai daga kaura aka tace ta a Samaru, kaura ce gajera, CSR-01 kuma jinin farafara ce kuma kamfanoni na sayenta, ga jerin SAMSORG da IAR ke ta fitarwa har da masu jure wuta-wuta. In kana da tabbacin mai saye da kuɗin kamfa da yuriya, shuka su, zaka ga buhu. Amma ka tuna gajeren kara yana nufin ƙarancin abincin shanu da rani, kuma duk mai turke ya san yadda kara da harawa ke tsada daga watan uku zuwa saukar ruwa. Wanda ke lissafin buhu kawai bai gama lissafi ba. Sannan akwai dawoyin da babu wani kamfani da zai taɓa kawo maka su a leda: karan dafi da dukawa ke rina fata da shi, takanda da yara ke sha, masakwa da ake dasawa a firgi a Barno da arewacin Kamaru da Chadi bayan ruwa ya janye, ta yi girma da danshin ƙasa kawai ba ruwan sama. Waɗannan in masu su suka sake su shikenan.

Wake shine inda gardamar ta fi zafi, kuma inda nake ganin irin zamani ya fi yin rawar gani in ana maganar kuɗi. Kanannado dai kowa ya san ta, a sa ta a tsakanin gero da dawa, ta yi ta lallaɓawa a inuwa kamar bata da niyya, ana cire gero ta samu sarari sai ta barbazu ta rufe ƙasa, sai yini ya fara raguwa sannan ta yi fure. Ƙwayarta babba, fara, masu ƙosai da alale na sonta, a Dawanau tana da farashinta, ga harawa tuli wadda za a naɗe a ɗora a kan bishiya ko soro. Sai dai tsabar ba yawa, kuma shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri harawar kawai zaka tashi da ita. Ɗan Ila kuma, shima waken gida ne, in gonarka na da wuta-wutar wake to sai haƙuri, tana cinye shi. A nan ne irin su SAMPEA 10 da aka fitar a 2008, da wanda manoma suka raɗa wa suna Kwankwasiyya, suka zo da abin da na gida bai da shi, basa jin wuta-wuta, wata biyu da rabi sun nuna, kuma tsabar ba a haɗa ta da ta kanannado. Sharaɗinsu shine feshi, in baka da kuɗin magani sau biyu sau uku daga lokacin fure to kar ma ka fara, ƙwari zasu riga ka. Kuma basa son inuwa, shi yasa masu binciken IITA a Kano suka kawo tsarin kunya biyu na dawa kunya huɗu na wake. Akwai kuma SAMPEA 20-T da aka amince da shi a 2019, wanda aka sauya wa ƙwayar halitta don ya kashe tsutsar da ke huda kwanso, masu shi sun ce feshi biyu ya isa, mutane sun rabu a kansa, ni dai abin da zan ce duk wanda zai shuka shi ya sani cewa shi ne yake shukawa, kar a sayar masa a rufe.

Wani abu da ya kamata masu raina irin gargajiya su sani, juriyar wuta-wutar nan da ake taƙama da ita a waken zamani, ɗaya daga cikin manyan tushenta wani waken ƙauye ne daga Botswana da masana ke kira B301. Haka ma gyaɗa. A 1975 cutar kuturtar gyaɗa da darɓa ke yaɗawa ta lalata wajen hekta 700,000 a arewacin Najeriya, tana cikin abubuwan da suka kwantar da dalar gyaɗar Kano, kuma juriyar da aka yi amfani da ita wajen haɗa sabbin iri daga gyaɗar manoman iyakar Burkina Faso da Kwaddibuwa aka fara samo ta. Shinkafar NERICA da Monty Jones ɗan Saliyo ya jagoranci haɗawa, aure ce tsakanin shinkafar Asiya da jar shinkafarmu ta Afirka irin wadda ake shukawa a fadamun Sakkwato da Kabi. Wato duk irin zamanin da kake gani a leda daga gonar wani talaka aka ɗauko kakanninsa, in na gida ya ƙare su kansu masu binciken basu da inda zasu ɗebo na gaba.

Tunda an taɓo gyaɗa, a nan kam ina bada ƙarfi ga sabon iri, SAMNUT 24 tana saurin nuna, tana jure kuturta, ga mai, masu ƙuli-ƙuli sun san ta. Kuma gyaɗa bata cika yin aure da maƙwabciyarta ba, in ka saya sau ɗaya ka kula da ita zata yi maka shekaru. 'Yar Dakar ma da wasu ke ɗauka ta gado ce ai daga Senegal aka kawo ta, ta zauna ta zama 'yar gida. Masara ma ba sai an ja magana ba, in kana ƙasar masara kamar Saminaka ko Funtuwa ko Biu kuma zaka iya ciyar da ita taki yadda ya kamata, haibirid irin su Oba Super zasu fi baka, in kuwa takin rabi da rabi ne to ka nemi ingantacciya wadda ba haibirid ba kamar SAMMAZ 15 da ke jure wuta-wuta, don haibirid mai yunwa asara biyu ce, ga kuɗin iri ga ba amfani. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya ga inda kuɗin taki da sufuri suka kai, dole wannan ya shiga lissafi kafin a yanke shawara. 'Yar masarar bayan gida mai saurin nuna da ake gasawa kuwa a barta a inda take, bata tare wa kowa komai ba.

Sai kuma waɗanda ba a ma sa su a gardamar: gurjiya, acca, iburu, tamba, rizga, tumuku, aya, yakuwa, rama, kalkashi, duman ƙwarya da na ludayi, kuɓewar damina mai dogon zango da ake yankawa a shanya. Yawancinsu zaka zaga shagunan iri na gari guda baka samu ko ƙwaya ɗaya ba, a hannun iyayenmu mata suke, a ƙulle a tsumma ko a cikin 'yar kwalba ko tsohon gwangwani a ƙarƙashin gado, su ne ke fito da su duk damina su sa a gayauna ko a gefen gandu. In tsohuwa ta rasu ba wanda ya tambayi ina ƙullin irinta, sai bayan shekara biyu a fara cewa wai ina kuɓewar nan ta Inna mai yauƙi? Wallahi wannan abin yana damuna fiye da maganar gero da dawa, domin su ba wata cibiya da ta damu da su sosai, kuma su ne ke gyara miya su riƙe gida lokacin da hatsi ya yi ƙasa. Gurjiya ko a ƙasar da ta gaji tana yi, ba taki ba feshi.

Babban abin da nake so ɗan uwa manomi ya sa a ransa wajen zaɓi shine, hanyoyin biyu ba nauyinsu ɗaya ba. In ka ƙi sayen SOSAT bana, baɗi yana nan a shago, shekara biyar ma yana nan ko wanda ya fi shi. In kuwa ƙauyenku gaba ɗaya suka bar maiwarsu shekara uku a jere, an cinye ragowar ko ƙwari sun cinye, to ba kasuwar da zaka je ka sayo ta. Sakin na hannu kamun na guje kenan. Kuma yanzu ɓatan yana sauri, rashin tsaro ya tashi ƙauyuka da yawa a Zamfara da Katsina da Sakkwato da Barno, mutum ya gudu da rigar jikinsa an ƙone rumbu, in ya dawo irin tallafi za a bashi kala ɗaya shi da kowa, a wasu wuraren ma an hana shuka mai dogon kara kusa da gari. Gaskiya ne akwai rumbunan ajiyar iri na masana, IITA a Ibadan na riƙe da wake sama da kala 15,000, ICRISAT na da nata a Sadore kusa da Yamai, akwai NACGRAB a Ibadan, har da wanda aka haƙa cikin wani dutse mai tsananin sanyi a Svalbard ta ƙasar Norway aka buɗe a 2008. Aiki ne mai kyau Allah ya saka musu. Amma irin da ke cikin firiza a tsaye yake, na gona kuwa duk shekara manomi na zaɓen wanda ya jure farin bana da ƙwarin bana, yana tafiya da zamani, kuma manomin ƙauye ba shi da hanyar zuwa Ibadan ya karɓo irin kakansa ana gobe shuka.

To ya za a yi a aikace? In gonarka ɗaya ce 'yar ƙarama, ba taki ba kuɗin feshi, abinci kake nema, bar mafi yawanta a na gida da gaurayen da ka saba, ka gwada sabon a kunya kaɗan a gefe ka gani da idonka shekara biyu kafin ka faɗaɗa, don shekara ɗaya bata isa shaida ba. In kana da gona biyu uku da ɗan jari, ba sabon iri wadda ta fi ƙarfi kuma ta fi kusa da ido, nan ne zai biya ka, na gida kuma ya riƙe jigawa da ta nesa. In kasuwa kake nomawa zalla to ka tafi da na zamani, amma ko kunya goma ka bar wa na gado. Wajen saye kuma a kula, akwai masu ɗebo hatsin kasuwa su shafa masa jan kala su ɗura a leda, ka nemi mai tambarin hukumar iri ta ƙasa NASC wanda ake kankarewa a tura lamba, ko ka bi ta hannun malamin gona da ka yarda da shi.

Ware irin ma yana da ƙa'ida. Gero da masara iska ce ke ɗaukar bununinsu, in SOSAT na jikin zango zasu gauraya, bayan shekara biyu uku ba wannan ba wancan, don haka a nisanta su ko a bambanta lokacin shuka, kuma shi SOSAT ɗin a sabunta shi daga tushe duk bayan 'yan shekaru. Dawa bata cika gauraya ba, wake da gyaɗa kuwa sai dai a masussuka ko a buhu. Kar ka jira sai an tara amfani, shiga gonar tun tana tsaye, ka bar bakin iyaka ka nutsa tsakiya, ka duba gindin da ya tsaya da ƙarfi ba burtuntuna ba tsutsa, zangarniyar ta cika har baki, ka yanka daga gindi da yawa a wurare daban-daban ba daga biyar ko shida ba, don in ka taƙaita irin zai yi ta rauni. A ɗaure shi daban a sa masa alama, a rataye inda hayaƙin madafa ke taɓa shi ko can saman rumbu, kuma a gaya wa duk mutan gida wannan ba na daka bane. Gyaɗa a barta da ɓawonta sai ana gab da shuka. Wake a shanya shi ya bushe ƙarau a sa a buhun PICS mai leda biyu a ciki ko jarka mai murfi, ko a cuɗa da toka yadda iyaye ke yi, ba sai an zuba masa fiya-fiya ba.

Ka ɗebi mudu ɗaya ko biyu ka kai wa ɗan uwa ko suruki a wani ƙauyen ya shuka, shima ka karɓo nasa, ta yadda in gobara ko gudun hijira ta faɗa wa ɗayanku akwai inda za a koma. Sannan kamar sati biyu kafin ruwan shuka, ka ƙirga ƙwaya ɗari daga kowane iri, na gidan da na ledar duka, ka jera a jiƙaƙƙen buhun algarara ka naɗe ka ajiye a inuwa kana yayyafa ruwa, bayan kwana biyar zuwa bakwai ka buɗe ka ƙirga waɗanda suka tsira. In sun haura tamanin shuka abinka, in sun gaza haka ka ƙara yawan ƙwaya a rami, in kuwa ko rabi basu kai ba to ka nemi wani tun da sauran lokaci.